Hunturun da Na Yi a Motar Alhaji Mamman

Bas ɗin da ya ɗauko ni daga New York ya sauke ni a Greensboro da hantsi, ina riƙe da jaka ɗaya da akwatin kayan aikina. Akwatin ya fi jakar nauyi, kuma shi na fi ji da shi. Shekara goma sha huɗu na yi ina gyaran wutar mota a Funtuwa, tun daga tsofaffin tireloli har ƙananan motocin ma'aikata, kuma a garejinmu in wuta ta gagari kowa sai a ce a kira Isiyaku. Da wannan girman kan na shigo Amurka a farkon shekarun dubu biyu, ina ganin ƙasar ce ma ta yi sa'ar samuna.

Sabo ne ya zo tarbata, abokin yayan matata. Shi ya yi ta aika saƙo gida cewa yana da gareji, ma'aikaci kawai yake nema. Garejin da na tarar wani fili ne a bayan shago, an zagaye shi da waya, cike da motocin da ruwa ya ci ko suka yi hatsari. Sabo yana sayensu a gwanjo, a ɗan shafa musu fenti, a loda su a jirgin ruwa sai Kwatano. Ya ba ni katifa a lungun ofishinsa, ya ce in yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Na yi haƙurin. Wata huɗu ina kwance a ƙarƙashin motoci masu warin laka ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ƙi aikin ba, don shi na iya.

Ƙwan fitila guda ɗaya ne ya raba mu. Akwai wata mota da fitilar gargaɗin birkinta ta ƙi mutuwa. Na ce masa birkin ne da matsala, sai an gyara. Ya ce in zare ƙwan daga baya kawai, wanda zai saya a Kwatano ba zai sani ba. Na ce wanda zai saya ɗin yana iya zama ƙanena. Ya yi dariya, ya ce nan Amurka ce, ba a kawo wa'azi wurin aiki. Ni kuma in raina ya ɓaci ba na tauna magana, na faɗa masa abubuwan da har yau rabinsu kawai nake nadama. Da na dawo daga sallar la'asar na tarar da jakata a bakin ƙofa, ofis a kulle, akwatina a ciki. Ya leƙo ta taga ya ce in zo in ɗauka ranar da na koyi ladabi. Abin da na tsira da shi sai wanda ke aljihun rigar sanyina: sukudireba ɗaya da fitilar gwaji, wato ƙwan fitilar gaban mota da na haɗa wa wayoyi biyu da hannuna tun ina gida.

Kwana uku na yi a masallaci kafin Alhaji Mamman ya tsaya a kaina. Mutumin Maraɗi ne, dattijo mai jiki sosai, wanda in ya zauna a kujera sai ta yi ƙara. Yana sayar da man kaɗanya da turare da atamfa a kasuwannin ƙarshen mako. Labarina ya riga ni isa wurinsa, don Hausawan garin nan ba su da yawa amma kunnuwansu suna da tsawo. Ya ce Funtuwa da Maraɗi duk Katsina ce, ba zai bar ɗan'uwa a kan kafet ɗin masallaci ba. Sai dai gidansa 'yan mata sun cika shi, ba shi da inda zai sa baligi. Amma akwai wata mota.

Gidan yana McLeansville, gabas da gari, inda gidaje ke warwatse a tsakanin gonaki. Motar tana can ƙarshen filinsa kusa da itatuwa, irin tafi-da-gidankan nan da tsofaffin Turawa ke yawon ƙasa da su. Akwai gado a ciki, da murhun gas, da ɗan firji, da makewayi da ba ka iya juyawa a cikinsa sai ka nemi izinin bango. Alhaji ya saye ta ne don zuwa kasuwanni masu nisa, yana sa zoɓo da kunun aya a firjin. Sai ta fara yi masa wulaƙanci: ana tsakiyar ciniki wuta ta ɗauke, firji ya tsaya, kunu ya yi tsami. Sau biyu ya kai ta wurin gyara, sau biyu aka ce batir ne, aka sa sababbi, ciwon yana nan. Ya gaji ya ajiye ta, ya jawo doguwar waya daga gida ya maƙala wa batiran ƙaramar caja don kada su mutu.

Na samu aikin wanke kwanoni a wani gidan abinci, wasu 'yan Nijar suna rage mini hanya. Ba wanke-wanken ne ya fi damuna ba, shirun wurin ne. A Funtuwa in ka fito ƙofar gida sai ka amsa gaisuwa goma kafin ka kai bakin titi. A McLeansville sai in yini ban ga mutum yana tafiya da ƙafarsa ba. Ba kiran salla, ba mai tallan ƙosai, sai iska a itatuwa. Duk Lahadi nakan sayi katin waya in kira matata Rabi. Na gaya mata na samu gida ni kaɗai, da kicin da makewayi a ciki. Ban yi mata ƙarya ba, tayoyin ne kawai ban ambata ba.

Abin da ke rage mini kewa shi ne Alhaji ya daɗe da mai da gefen motar nan fadarsa. Makewayin Amurka ba shi da magudanar ruwa a ƙasa, kuma Hajiya, matar Alhaji, ta kafa doka cewa ba wanda zai sake jiƙa mata daɓe da sunan alwala. Don haka tun da ya ajiye motar, a kan matakalar ƙarfen da ke ƙofarta yake zama da butarsa. Tsayinta daidai ne, ya ce, kamar don shi aka yi ta. Abokansa ma in sun zo shan shayi ranar Lahadi nan suke layi. Da sanyi ya fara sai ya riƙa zuwa da ruwan ɗumi, kuma don kada ruwan ya daskare wani ya zame, ya ajiye buhun gishiri a gefe yana barbaɗawa. Ni ma nan nake tawa alwalar, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sanyin gaske ya sauka a watan Disamba. Na zaci na san sanyi, ashe sunansa kawai na sani. Da safe ruwan buta yakan zama dutse, numfashina kuma ya daskare a jikin gilashi ta ciki. Motar tana da hita mai ɗumama ɗaki, kuma gas take ci, amma ba ta kamawa sai fanka ta hura da ƙarfi, fankar kuma da batir take aiki. Irin waɗannan motoci batir iri biyu gare su, na tayar da inji daban, na cikin ɗaki daban. Na ɗakin su ne ke cikin akwati a ƙasa kusa da ƙofa. In fitila ɗaya ka kunna, lafiya lau. Da ka kunna hita sai fitilar ta yi ja kamar garwashi, fanka ta ja numfashi da ƙyar, can sai komai ya mutu.

Abin haushin shi ne duk lokacin da na kira Alhaji ya zo ya gani, sai motar ta kunyata ni. Yakan hau matakala ya tsaya a ƙofa, don ba ya son shiga da takalmi, ya ce to kunna. In kunna, fanka ta tashi da ƙarfinta, iska mai zafi ta fito. Ya dube ni ya ce ga shi tana yi. Kafin ya kai ƙofar gidansa ta mutu. Abokansa suka mai da abin raha, wai motar ta san mai ita. Wani ma ya ba da shawara a yi mata hayaƙi, ƙila akwai masu zama a ciki da suka riga ni. Na yi dariyar dole, amma a zuciyata na ji zafi, ni da ake kira in wuta ta gagara.

Wata Litinin da safe na yi wautar da ta kusa kashe ni. Ba ni da aiki ranar, sanyi kuma ya kai mini ko'ina, sai na rufe tagogi na kunna murhun girki duka biyu na zauna a gabansu. Na ji ɗumi, na ji daɗi, sai kaina ya fara sarawa, jikina ya mutu. Allah ya sa Alhaji ya zo alwalar walaha. Ya yi sallama bai ji amsa ba, ya buɗe ƙofa, ya fizgo ni waje kamar buhu. Da na dawo hayyacina na gan shi tsaye a kaina. Ban taɓa ganin ya yi fushi ba sai ranar.

“Isiyaku, in ka mutu cikin wagga mota, mi zan ce ma matarka? Mi zan ce ma hukuma?” Ya numfasa. “Akwai wani mai sayen motoci yana farfasawa, ya daɗe yana bi na. Assabar zai zo ya ja ta. Na yi magana da Sabo, ya ce ka komo, ya yahe.”

Kalmar yafewar nan ta fi sanyin ƙona ni. Na ce, “Alhaji, ka ba ni zuwa Asabar ɗin. In hita ta yi aiki ba tare da kana tsaye a kanta ba, ka bar ni a ciki.”

Ya ce masu gareji da na'urori sun kasa, ni da sukudireba ɗaya me zan yi. Na ce shi dai ya ba ni kwanakin. Ya ɗauke ashana da abin kunna murhu ya sa a aljihu, ya kawo mini barguna biyu daga cikin gida, ya ce ya ji. Na riga na rantse a raina cewa ko a gindin bishiya zan ƙare, ba zan koma in durƙusa wa Sabo ba. Amma na san gindin bishiya a wannan sanyin kabari ne, don haka motar nan dole ta yi.

Talata na roƙi hutun kwana huɗu a wurin aiki, manajan ya ce in na wuce haka kada in dawo. Na fara daga tushe. Na ɗora fitilar gwajina a kan batiran, ta haska har tana kashe ido, wato su ba su da laifi. Na ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya na kankare bakinsu. Na ware kowane layi, na kunna shi shi kaɗai, ko akwai wanda ke shan wuta a ɓoye. Babu. Yatsuna suka ƙage har sukudireba tana faɗuwa ban ji ba, sai in sa su a hammata in jira su dawo. Da yamma na yarda cewa ido da fitila sun kai iyakarsu, sai da mitar auna wuta, mitata kuma tana kulle a ofishin Sabo.

Sai na tuna da Mista Roy, wani tsohon Bature mai sayar da tsofaffin kayan aiki kusa da teburin Alhaji a kasuwa. Na taɓa gyara masa fitilar tirelarsa a tsaye, ya rubuta mini adireshinsa a bayan kwali. Laraba wani ɗan Nijar mai tasi ya kai ni Pleasant Garden, kudu da gari, inda kowane gida ke zaune a fili mai girman unguwa. Turancina a lokacin na kasuwa ne, nasa kuma kamar yana tauna goro, amma da na zana masa batir da waya a takarda ya gane. Ya ɗauko mita, da sifanu, da guntun waya mai kauri, da gwangwanin giris, ya zuba mini a bokiti. Ya dubi rigata ya girgiza kai, ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar rigar aiki mai auduga wadda sai da na naɗe ƙafafunta sau uku. Na miƙa masa fasfona ya riƙe har in dawo da kayan. Ya ture hannuna, ya ce in na gama in kawo. Tun da na shigo ƙasar ba wanda ya yarda da ni haka, kuma a cikin tasi sai da na juya fuska wajen taga.

Mita ta faɗa mini abin da nake zargi. A kan batir sha biyu da ɗigo shida, ko an kunna hita da ƙyar take motsawa. A akwatin fiyus kuwa, da fanka ta tashi sai lamba ta gangaro tara da wani abu. Wuta tana fita daga batir cikakkiya, tana isa ɗaki a rame, ke nan a hanya ake tare ta. Na bi jar waya taku-taku. Na kwance makunnin da ke raba batir da ɗaki na wanke shi. Na samu wata mahaɗa a bayan kujera da ta ɗan saki, ta yi baƙi, na ce na kama ɓarawo. Ranar Alhamis da azahar na ɗaure ta tamau, na aika a kira Alhaji, har da gyara tsayuwa. Ya hau matakala, na kunna, ta kama. Ya ce madalla, ya sauka. Bai yi taku goma ba fitila ta yi ja. Ya waiwayo ya dube ni, kuma na fi son ya zage ni da wannan kallon tausayin.

Na zauna a bakin gado cikin rigar Mista Roy ina jin haushin kaina. A nan maigidana na Funtuwa, Malam Uba, ya faɗo mini a rai. Yakan ce mana wuta ba tafiya kawai take yi ba, sai ta dawo gida, amma kowane yaro hanyar tafiyar yake bi. A mota hanyar dawowar ita ce baƙar waya da muke kira at, wadda ke ɗaure da ƙarfen jikin mota. Na dube ta tun ranar farko, na ga kanta na wajen batir sabo fil yana ƙyalli, don masu gareji sun canja shi, sai na wuce. Ɗaya kan ya shige wani rami ya ɓace a ƙarƙashin mota, ban bi shi ba. Kuskuren da zan mari yaro a kansa a gida, shi na yi. Rana ta riga ta faɗi, ƙasa ta daskare, na bari sai gobe, gobe kuma ita ce ta ƙarshe.

Juma'a da hantsi na kunna hita na bar ƙofa a buɗe, ina so in ga ciwon yana ci kafin in shiga ƙasa. Fitila ta yi ja, fanka tana nishi. Sai ga Alhaji da butarsa da babbar riga a kafaɗa, zai yi alwalar masallaci. Ya naɗe hannun riga, ya zauna a matakala. A daidai lokacin da ƙarfen ya yi ƙara, fitilar ta yi fari, fanka ta zabura. Na tsaya cak. Ina kallonsa ya wanke fuska, ya wanke ƙafafu, ruwa yana bin matakala yana shigewa ta bayanta. Ya miƙe, fitila ta koma ja.

Na ce, “Alhaji, koma ka zauna.”

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Na ce don Allah. Ya zauna, ta haska. Na ce ya tashi, ta mutu. Sau huɗu ina zaunar da dattijon da ya isa ya haife ni ina tayar da shi kamar ɗan firamare, yana cewa wanga yaro sanyi ya taɓa mai kai. Na bar shi a zaune na shimfiɗa kwali na kutsa ƙarƙashin motar. Ruwan alwalarsa yana ɗiga a fuskata da sauran ɗuminsa, wani ya shiga bakina, na ji gishiri. Na bi ɗigon da ido. Ga baƙar wayar nan ta fito daga raminta, an ɗaure ta da ƙusa a jikin ƙarfen da ke riƙe da matakalar, daidai inda ruwan yake taruwa. Ƙusar ta zama dunƙulen tsatsa. Na taɓa wayar, robar ta fashe, wani koren gari ya zubo mini a hannu. Silin tagulla uku ko huɗu ne suka rage a raye. In mutum mai jiki ya hau matakala, ƙarfen ya lanƙwasa ya matse su, wuta ta samu hanya. In ya sauka, su saki.

Alhaji ya leƙo ya ce in fito, za mu makara. Na so in ce ya tafi, amma na ji kunyar Allah da ya nuna mini abin ta hanyar alwala. Na wanke hannu na bi shi. Gaskiya ita ce jikina ne kawai ya je masallaci, huɗubar ranar ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Muna dawowa na koma ƙasa. Na cire ruɓaɓɓiyar wayar gaba ɗaya, na sa ta Mista Roy. Na nemi wani rami a babban ƙarfen motar, nesa da ƙofa inda ruwa ba ya zuwa, na kankare shi da sukudireba har ya yi fari, na ɗaure da sabuwar ƙusa, na shafe da giris. Sannan na shiga na kunna komai a lokaci ɗaya, fitilu duka, famfo, firji, hita. Ba kowa a kan matakala. Mita ta tsaya a sha biyu da 'yan kai ta ƙi sauka. Na ji gas ya kama, iska mai zafi ta bugi ƙafata. Na zauna a ƙasa a gabanta ina kallon agogo, minti goma, rabin awa, awa ɗaya. Hawaye suka zo, na bar su, don ba mai gani.

A cikin ɗumin nan ne wani tunani ya sanyaya mini jiki. Don motar ta lalace ne aka ba ni ita. Yanzu da firjinta ke aiki, ta koma motar kasuwa, ko kuma abin sayarwa da daraja. Na gyara ta ne don in zauna, gyaran kuma yana iya fitar da ni. Shaiɗan ya kawo mini dabara mai sauƙi: in ce hita kawai na shawo kanta, firjin har yanzu ba tabbas, in zare masa fiyus ɗaya in sa a aljihu. Alhaji ba zai taɓa sani ba. Har na kai hannu kan akwatin fiyus, sai na ga ai wannan shi ne ƙwan da Sabo ya ce in zare. Na janye hannuna, na ɗauki ruɓaɓɓiyar wayar na nufi gida.

Wahalar da ta rage ita ce yadda zan gaya wa dattijo cewa ibadarsa ce ta cinye masa mota. Na kira shi waje, na kai shi ya ji zafin hita, ya buɗe firji ya taɓa sanyinsa. Sannan na ɗora masa wayar a tafin hannu, na nuna masa inda take, da inda ruwa ke bi, da buhun gishiri. Na ce laifin wanda ya ɗaure ta a wurin ne, kuma ni ma na zuba nawa ruwan. Ya daɗe yana murza koren garin da yatsa.

“Batiri huɗu na saya,” in ji shi a hankali. “Na zagi masu gareji, na zagi wanda ya saida min ita. Ashe ni ne da butata, sau biyar kullum.” Sai ya fara dariya, jikinsa duka yana rawa, ya ce kada in kuskura Hajiya ta ji. Da ya tsagaita ya tambaye ni ko yanzu za ta iya zuwa kasuwa. Na ce ko Makka ce za ta je in da hanya. Ya gyaɗa kai ya shiga gida, bai ce mini zauna ba, bai ce tashi ba.

Asabar da safe na naɗe barguna, na haɗa jakata, na jera kayan Mista Roy a bokiti. Mai farfasa motoci ya zo da motar ja, na ga Alhaji ya tare shi a bakin hanya, suka yi magana, mutumin ya juya ya tafi. Sai Alhaji ya taho yana rungume da bulon siminti yana haki. Ya dire shi a gindin wata bishiya, taku goma daga motar, ya ɗora butarsa a kai, ya ja buhun gishiri ya kai can. Ya ga jakata a ƙofa ya tambaya ina za ni. Na ce na ga motar ta warke.

Ya zaro makulli daga aljihu, wanda shi yake kira lakile, ya sa mini a hannu. “Assabar da Lahadi tawa ce, sauran kwanakki taka. Kuma ko ranar kasuwa kana ciki, don ban yarda da ita ba in ba ka kusa. Mai da jakarka.”

A motar nan na ƙare hunturun, da wani bayansa. Akwatina kuwa ban koma na ɗauka ba, ƙila yana nan yana jiran in koyi ladabi. Masu irin waɗannan motoci a kasuwa suka fara kirana in duba musu wuta, kuma duk wadda aka kawo mini, baƙar waya nake fara bi.

Lahadin da ta biyo baya na kira Rabi daga cikin ɗumi, na ce akwai abin da ban gaya mata ba game da gidan nan. Na faɗa mata komai, har da murhu, har da tayoyi shida. Ta saurare ni har na kai ƙarshe. Can ta ce, cikin muryar da na san kuka ne a bayanta, “To tunda gidan naka yana da taya, me ya hana shi zuwa Funtuwa?”

Ina buɗe baki katin ya ƙare. Na zauna da wayar a hannu, fanka tana ta hurawa.